Rigimar mita a gidanmu na Aboabo, da lissafi biyu da suka wanke wani yaro

Salamu alaikum jama'a. Kwana biyu kun ji ni shiru, aiki ne ya sha kaina, amma abin da ya faru a gidanmu satin da ya wuce ya tsaya min a rai har na ce sai na zauna na rubuta shi, don na san ba mu kaɗai ba ne, ka shiga gidajen haya na unguwannin Aboabo da Asawase da Sawaba a nan Kumasi, ƙasar Gana, duk kusan labarin ɗaya za ka ji, faɗan kuɗin wuta.

Gidanmu ɗaki 9 ne, mita ɗaya, na kati. Tun kafin in tare a gidan tsarin da ake bi shi ne ƙirgen poyin, kwan wuta poyin 1, fanka 1, talabijin 2, firij 3, a haɗa na kowa a raba kuɗin da za a saya a ECG, kamfanin wuta. Shekara da shekaru a haka ake tafiya, ana ɗan guna-guni amma ba a taɓa ɗaga murya ba. To da hunturun bana ya shigo sai kiredit ɗin da muka saba ya kai mu ƙarshen wata ya fara ƙarewa kafin sati 3, sau biyu mita na kuka da tsakar dare, kowa ya fito tsakar gida da tocilan waya ana kallon-kallo. Kuma kun san halin mutane, idan abu ya ɓaci sai an samu wanda za a ɗora wa. Akwai wani yaro a ɗakin ƙarshe kusa da bayi, ɗalibi ne a jami'ar Tek, maraya ne ma, yayarsa ce ke biya masa haya, kullum dare za ka hango haske ta tagarsa yana kan laftof har ƙarfe 2. Shi ke nan aka ce shi ne. Har wata daga cikin matan gidan ta ce wai kwamfuta ai injin ce, ba ta ƙoshi da wuta, a ƙara masa poyin 5 ko ya nemi wani gida.

Ran Lahadi bayan la'asar Baba maigida ya aiko a kira ni. Ya ce, "Malam, kai ne mai aikin wuta a gidan nan, ni dai ba na son in ci haƙƙin ɗan mutane, kuma ba na son gidana ya zama filin faɗa, ka duba mana tsakaninka da Allah." Yaron na tsaye gefe ya sunkuyar da kai, idonsa ja. Na ce Baba in sha Allah kafin magariba kowa zai gani da idonsa.

Bari in tsaya nan in yi bayanin abin da na yi amfani da shi, don shi ne dalilin rubutun nan gaba ɗaya, kuma wallahi duk wadda ta iya ba da canji a kasuwar Kejetia ta iya shi.

Abu huɗu ne a wuta. Akwai ƙarfin da ke turo ta, shi ake aunawa da bolt, a Gana abin da ya kamata ya zo soket ɗinka bolt 230 ne. Akwai yawan wutar da ke gudana a cikin waya, wanda muke ce wa karant, ana auna shi da amfiya. Akwai turjiya, wato yadda abin da ka jona yake tare wa wutar hanya, ana auna ta da om. Sai kuma cin wutar kansa, wat, wanda shi ne mita take gani take cire maka kuɗi. Mastan da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, yana kwatanta mana da fitowa daga masallacin Juma'a: turin da ke zuwa daga baya shi ne bolt, yawan mutanen da ke ficewa a minti ɗaya shi ne amfiya, ƙuncin ƙofa shi ne om, kuma a bakin ƙofar nan inda ake gogayya a nan ake yin gumi. Wannan maganar ta gumi ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Idan ka san biyu daga ciki, bolt da amfiya, sauran biyun sun shigo hannunka. Ka ninka bolt sau amfiya, ka samu wat. Ka raba bolt da amfiya, ka samu om. Iyakarta ke nan. Na biyun shi ake kira dokar Om, sunan wani malamin makaranta ne Bajamushe, Georg Ohm, da ya fitar da ita a littafinsa a 1827, kusan shekara 200 ke nan kuma har yau ba wanda ya jona waya ya ga ta saɓa a ƙarfen hita ko na ayan ɗin guga.

Na fara da laftof ɗin da ake zargi. Ban ma ɗauko kayan awo ba, na ce ya kawo cajar, na juya bayanta na miƙa wa ɗiyar maƙwabciyarmu da ke aji biyu a JHS, ƙaramar sakandare, na ce ta karanta da ƙarfi kowa ya ji. Ta karanta, bolt 19.5, amfiya 3.34. Na ce ninka a wayar mamanki. Ta ce 65. To wat 65 ke nan, kuma wannan shi ne ƙarshen abin da cajar za ta iya bayarwa, yawancin lokaci laftof ba ta ma kaiwa nan idan batirinta ya cika. Yunit ɗaya da muke saya kuwa shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Mu ce yaron nan yana awa 6 kullum, 65 sau 6 ya ba da 390, sau kwana 30 ya ba da 11,700, ka raba da dubu, yunit 11.7 a wata guda cur, kuma na yi masa lissafi mafi tsanani ne. Cajar wayarsa bolt 5 amfiya 2, wat 10, ko ambatonta ma ɓata baki ne. Kwan ɗakinsa wat 9.

Sai tsakar gida ta yi tsit. Wani ya ce to ina wutar take zuwa.

Na ce kowa ya koma ɗakinsa ya fito da duk abin da ke yin zafi idan an jona shi, ko an sa shi a poyin ko ba a sa ba, ba don a kunyata kowa ba. Nan fa aka fara fitowa da kaya, ayan 6, rais kuka 2, butar lantarki ta ɗakina ita ma na fito da ita, sai kuma hita na bokiti guda 3, irin ɗan naɗaɗɗen ƙarfen nan da ake saya a bakin titi a Alabar, wanda ake rataya shi a bakin bokiti. Babu ko ɗaya a cikin ukun da ke cikin lissafin poyin, kuma ban ga laifin masu su ba, abu ne ɗan mitsitsi da zai shiga aljihun riga, kuɗinsa bai kai na kwano biyu na waake da nama ba, wa zai kalle shi ya ce ya fi firij ci.

Na cika bokiti, na sa hita ɗaya a ciki, na ɗauko mitata mai baki kamar filaya wadda ake maƙalawa a waya ɗaya ta nuna amfiya ba sai an yanke komai ba. Na auna soket tukuna, bolt 228. Na kunna, mita ta nuna amfiya 6.5. Yarinyar nan tun kafin in yi magana ta riga ta danna, ta ce, "Baba, 1,482." Na ce madalla, wat 1,482, wato hitan nan guda ɗaya daidai yake da laftof irin ta yaron nan 22 da ɗoriya an kunna su lokaci guda. Mai hitan Hajiya ce, mijinta ya rasu bara waccan, yara 4 take shiryawa makaranta kullum da asuba cikin sanyin nan, bokiti 3 take ɗumamawa, kowane kamar minti 20, awa ɗaya ke nan a rana, a wata yunit 44 da rabi. Hita ɗaya fa. Kuma guda 3 ne a gidan, kuma duk da shigowar hunturu aka fara jona su, daidai lokacin da kiredit ya fara gudu.

Hajiya ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi, Malam, wallahi ban sani ba, da na sani ai da bakina zan faɗa." Na ce Hajiya na yarda, ba wanda ya sani, ni ma butata da kuke gani an rubuta wat 2,000 a gindinta, ta fi hitanki ci, sai dai minti 4 take yi ta kashe kanta. Ta juya wajen yaron ta ce, "Ɗana ka yafe mana." Abin da ya fi taɓa ni ke nan a ranar, don ita ba ta cikin masu cewa a kore shi, amma ita ta fara neman gafara.

Ni a ganina tsarin poyin ɗin nan ya tsufa, kuma yana cutar talaka mai ƙananan kaya. Lokacin da aka ƙirƙiro shi kwan wuta wat 60 ne ko 100, irin mai zafin nan da ba ka iya taɓawa, a lokacin in ka ce kwai poyin ɗaya ka yi magana mai ma'ana. Tun 2007 da gwamnati ta raba kwan wuta marasa ci guda miliyan 6 kyauta aka fara barin waɗancan, yanzu kuma kowa LED yake sawa, wat 9 ko ma ƙasa. Kwan da ke kwana a kunne awa 10 kullum yunit 2.7 yake ci a wata. Amma har yau mai kwai 3 yana biyan poyin 3, mai hita yana biyan sifili.

Yanzu turjiya, don wani zai ce to na gane wat, om ɗin me zai amfana min. Hitan Hajiya: 228 a raba da 6.5, om 35. Tsohon kwan wat 60 kuwa yana jan amfiya 0.26 ne kawai, 230 a raba da 0.26, om 880 da wani abu idan ya yi zafi. Kun ga abin da ke rikita almajirai na a shago, suna ɗauka abin da ya fi turjiya shi ya fi cin wuta, alhali a soket ɗin gida akasin haka ne, ƙofa mai faɗi ita ke fitar da mutane da yawa. Om kaɗan, amfiya da yawa, kuɗi da yawa. Kuma da wannan lissafin nake gane lafiyar abu ba tare da na jona shi ba. An kawo min ayan an rubuta wat 1,000, na san zai ja amfiya 4.3, na san turjiyarsa ta kamata ta zo wajen om 53. In na cire shi daga wuta na ɗora mita a ƙafafun fulog na ga 50 da 'yan kai, ƙarfen ciki lafiya lau, matsalar na wani waje. In mita ba ta nuna komai ba, wani abu ya tsinke a hanya. In ta nuna kusan sifili, wayoyi sun haɗu, kar a kuskura a jona. Don Allah a lura, awon om ba a yin sa abu na jone da wuta, sai an zare fulog.

Haka kuma yake bayyana abin da muke cewa lo karant da magariba, lokacin da duk unguwa ta kunna kaya fanka ta koma juyi a hankali. A gaskiya bolt ne ke sauka. In ya sauka zuwa 190, turjiyar hita tana nan a 35 ɗinta, amfiya ya koma 5.4, ka ninka da 190 ka samu wat 1,030 ko kusa, shi ya sa ruwan da ke zafi a minti 20 sai ya kai rabin awa. Firij da famfon tura ruwa su nasu daban ne, masu mota a ciki, in bolt ya faɗi wahala suke sha su yi ta zafi, gara a kashe su. Kuma su masu motar nan, har da fanka, in ka ninka bolt da amfiya lambar da za ka samu takan ɗan fi ainihin wat ɗinsu, lissafin ya fi zama cif a kan kayan zafi.

Wani abu da yaran gidan suka tambaye ni, wai bolt daga kogin Volta aka samo sunan tunda daga dam ɗin Akosombo da ke kan kogin wuta ke zuwa. A'a. Bolt sunan wani Ba'italiye ne, Alessandro Volta, wanda ya haɗa batir na farko a 1800, kogin kuwa Turawan Fotugal ne suka sa masa suna da kalmarsu mai nufin lanƙwasa ko juyowa, dacewa ce kawai. Amma tunda an ambaci Akosombo, dam ɗin da aka gama a 1965 zamanin Nkrumah, ku dubi manyan wayoyin nan da ke kan dogayen ƙarafa, akwai masu ɗauke da bolt 161,000. Dalili lissafin nan ne dai. A lissafi mai sauƙi, in kana son tura wat miliyan ɗaya da bolt 230 sai ka tura amfiya sama da 4,300, ba wayar da za ta ɗauka daga can zuwa Kumasi ba ta narke ba. Da bolt 161,000 kuwa amfiya 6 da ɗan kai ne, bai ma kai abin da hitan Hajiya ke ja ba. Ranar da na fara gane wannan ina yaron shago, na daɗe ina kallon wayoyin nan.

To mu dawo maganar gumi a bakin ƙofa, don ita ce ta fi tsorata ni a ranar, ta fi maganar kuɗi nesa ba kusa ba. Da na shiga wani ɗaki in ga inda ake jona hita, sai na tarar da ekistenshan fari mai rami 4 a ƙasa kusa da katifa, bakin rami ɗaya ya yi ruwan ƙasa ya ɗan narke, ka sunsuna ka ji ƙaurin roba. Matar ɗakin ta ce da safe tana haɗa hita da ayan da rais kuka duk a kai don sauri. Hita 6.5, ayan 4.3, rais kuka mai wat 700 amfiya 3, jimla kusan 14. Fulog ɗinmu mai ƙafa 3 iyakar fiyus ɗinsa amfiya 13 ne, wato wat 2,990 a bolt 230, kuma wannan in na kirki ne. Na buɗe nata, ba fiyus, an naɗa silin waya a gurbinsa, wayar cikin kebul ɗin kuma siririya kamar zaren ɗinki. Ita ma waya tana da tata turjiyar. Mu ce tsakanin siririn kebul da sukurun da ya saki akwai rabin om kacal. Amfiya 13 ya bi ta nan, bolt 6.5 ya faɗi a wurin, 6.5 sau 13 ya ba da wat 84 da rabi, zafi zalla, a cikin roba, kusa da katifa. Ya fi zafin tsohon kwan wat 60 ɗin nan da ke ƙona yatsa. In amfiya 6.5 ne kawai, zafin wat 21 ne, wato in ka ninka kaya sau biyu zafin waya sau 4 yake ninkuwa. Mu da muka ga gobarar kasuwa a garin nan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, bai kamata a ce sai an roƙe mu ba. Na yanke kebul ɗin a gabanta da izininta, na ce gobe zan sa mata soket na bango da waya mai kauri, ta biya kuɗin kaya kawai.

Sai kuma hannu a bokiti. Na ga yara na tsoma yatsa su ji ko ruwa ya yi zafi hita na kunne, jikina ya yi sanyi. Jikin mutum in ya jiƙe turjiyarsa na iya sauka zuwa wajen om 1,000, ga ƙafa ba takalmi a kan siminti mai laima. 230 a raba da 1,000, amfiya 0.23. Lambar kamar ba komai, amma na'urar kariya da muke sawa a allon wuta don ceton rai tana yankewa ne a 0.03, kun ga wancan ya kusa ninka shi sau 8, ya isa ya tsayar da zuciya. Irin hitan nan in bawonsa ya tsage ruwan gaba ɗaya ya zama waya. Iyaye mata don girman Allah, a zare fulog daga bango kafin kowa ya taɓa ruwa ko bokitin, kashe makunni kaɗai bai isa ba don na sha ganin soket da aka juya wa waya.

Bayan isha'i Baba maigida ya sa aka shimfiɗa tabarma, muka zauna da biro da takarda. Kowane ɗaki ya faɗi kayansa, muka duba bayan kowane abu, in an rubuta wat mu ɗauka, in bolt da amfiya aka rubuta mu ninka, mu ninka da awannin da mai shi ya ce yana yi, a kan amana. Yaron nan na Tek shi ya karɓi aikin, ya zuba komai a laftof ɗin da aka so a kore shi saboda ita, ya fitar da kason kowa, nasa ya ragu, nawa ya ƙaru da kaɗan saboda buta da ayan. Hajiya ta ce za ta koma ɗora tukunya ɗaya babba a kan gawayin da take dama koko, ta sirka wa yara, hita sai ranar da ta makara.

Firij biyu ne suka rage ba mu gama da su ba, don firij ba ya ci a jere, yana tashi yana kwanciya, ba za ka ninka wat ɗinsa da awa 24 ba. Na Baba sabo ne, yana da takardar nan mai ruwan ɗorawa da taurari a ƙofarsa, an rubuta yunit ɗin da yake ci a shekara, muka raba da 12. Ɗayan tsoho ne na mai sayar da ƙanƙara da sobolo, takarda ta goge, robar ƙofa ta saki. Shi na ce ran Asabar zan kawo ƙaramar mita in jona masa ta kwana ta wuni mu ga abin da za ta nuna.